Irin da Muntaka Ya Kawo

Lahadi, 3 ga Rajab 1339, da hantsi

Bismillahi. Na zaro ragowar takardun da na ajiye tun ina koyarwa, na jiƙa tawada. Zan riƙa rubuta abin da nake gani a jikin shukar nan ta bayan ɗaki, don kaina ya daina riƙe abu. Abin da na gani da safe, kafin la'asar ya tsere mini.

Shukar ita ce wadda ɗana Muntaka ya kawo mini irinta da Babbar Sallar bara, daga gidan Baturen da yake wa girki a Kano. Ya ce sunanta tumatir. Huseina, 'yar kawuna da muke katanga ɗaya, ta ce ita ba za ta karya harshenta da tsufa ba, gautan Nasara ne. Ya ce in shuka da sanyi. Da sanyi ina kwance, ƙirji ya hana ni tashi. Sai da na miƙe na shuka, kuma na zuba duka, ban rage ko ƙwaya ba. A lokacin ban ga dalilin ragewa ba.

Ta fito da kyau, ta kai mini ƙugu. Ta yi fure, ƙanana, rawaya. Furen yakan buɗe, ya ɗan kwana, ya yanƙwane, ya faɗi da ɗan wuyansa. Babu ɗa ko ɗaya.

Litinin, bayan la'asar

Na tsince furen da ya zuba. Ya cika tafin hannu.

Mutane sun sake zuwa zaure. Na ji sallamarsu, ban fita ba. Huseina ta ce musu ina barci. Allah Ya yafe mana, ni da ita.

Laraba, 6 ga wata, bayan azahar

Ashafa ya zo daga Miga. Ɗan ƙanena ne, marigayi Sale, Allah Ya jiƙansa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya daɗe bai ɗago ba, na gane da magana ya zo.

"Baffa, zaman kaɗaici ya ƙare. Na gyara maka ɗaki kusa da nawa."

"Wa ya ce maka ni kaɗai nake?"

Ya dubi tsakar gida. Akuya ce, da tulu, da ni.

"Baffa, Arzika ya zo har Miga ya same ni."

Arzika shi ne abokin aikin Muntaka, wanda suka bi Baturen tare lokacin da aka mai da shi Kudu. Ya zo nan wata Alhamis. Ba zan rubuta abin da ya faɗa ba.

Na ce, "Arzika bai gani da idonsa ba. A bakin wani ya ji, shi kuma wancan a bakin mai kwalekwale."

Ashafa bai ja ba. Na kama hannunsa na kai shi bayan ɗaki na nuna masa. Na ce ba inda za ni sai na ɗebi irin wannan, don babu shi a nan Limawa, babu shi a duk Dutse, abin da ke gabansa shi ke nan. Ya murza ganye ya shinshina, ya yamutsa fuska.

"Ci ake yi ko magani ne?"

"Ci ake yi."

"To ina abin cin?"

Ya ce, "Baffa, zan dawo da jaki kafin a ga watan azumi. Da ruwa ya sauka ba ni da ƙafar zuwa Dutse sai kaka. Kuma ba zan bar ka ka yi damina a ƙarƙashin rufin nan ba. Dube shi fa." Na ce na daɗe ina dubansa. Ya kwana a zaure, ya tafi da asuba.

Alhamis, da hantsi

Fure ya zube.

Juma'a, 8 ga wata, bayan sallah

Na lallaba na je masallaci. Da aka idar Liman ya jira jama'a ta ragu, ya matso ya zauna kusa da ni. Ni na koya masa baƙi da wasali, amma yau shi ke rage murya kamar yana wa yaro magana. Ya ce, "Malam, arba'in na matsowa. Ko a ɗan yi addu'a a raba gumba?"

Na ce, "Arba'in ɗin me?"

Na nemi sandata.

Da na dawo na zauna a gindin shukar, sai na lura da ganyen. Ya yi kauri, ya yi duhu, ya cika ya tumbatsa, kamar ba bazara ake ba. Na tuna gonar mahaifina, gurbin da Fulani suka yi zango da shanu: dawar wurin takan fi kowace tsayi, kara kamar gora, amma kai ba wani abin kirki. Ni kuwa tun da na shuka nake tara mata kashin akuya a gindi, kullum, kullum. Na ƙosar da ita har ta manta abin da aka shuka ta dominsa. Na sa hannu na kwashe takin. Na tsinke ƙananan rassan da ke tsirowa a hammatar ganye, don abin da take ci ya tafi sama.

Lahadi, bayan magariba

Huseina ta kawo tuwo ta tarar da ni ina haki a bakin rijiya da rabin guga.

"Malam Lado, kai da ba ka iya ɗebo na alwala, kake shayar da ciyawa?"

"Ba ciyawa ba ce."

"Abin da bai haihu ba ciyawa ne. Kawo gugar nan kafin ka bi ta."

"Ke da ƙafarki ɗaya ke ja?"

"Ƙafa ke ja, ba hannu ba. Matsa."

Ta ja guga biyu ta zuba. Ruwan rijiyar ya yi ƙasa, sai an ƙara igiya. Ta tsaya tana kallon shukar, na ga bakinta yana motsi. Na ce mata tuwon zai huce. Ta tafi.

Talata, da hantsi

Fure ya zube. Cire takin bai hana ba. Ko kuwa bai kai lokacin hanawa ba. Ban sani ba.

Alhamis, 14 ga wata, bayan azahar

Na gano. Ina ganin na gano.

Da safe na ji ana sara a dabinon gidan maƙwabcina Ahmadu, na ɗaga kai, sai abin ya faɗo mini. Mu da muka tashi a gindin dabino, ya aka yi ban tuna ba? Macen dabino ko ta shekara nawa tana fure, in ba a hau an ɗaura mata zangarniyar namiji ba, abin da za ta ba ka ƙanƙanannen banza ne marar ƙwallo. Mahaifina da kansa yake hawa, da furen namiji a cikin hula. To me zai hana wannan ma haka take? Ko dai Muntaka mata zalla ya kwaso, ko kuma akwai namiji a ciki yana tsaye kawai ba wanda ya sada su.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina dubawa. Furen duk iri ɗaya ne a idona, amma idona ba abin dogaro ba ne. Akwai guda a ƙarshen layi, ta fi sauran kauri da gashi a jiki, ta fi su tsayi. Na ce wannan ne namijin.

Juma'a, da sassafe

Ban je masallaci ba yau, ba kuma zan je ba.

Tun da gari ya waye nake aiki. Na tsinke furen wancan da na kira namiji, na warware zare daga tsohon rawani, ina ɗaura wa kowace a jikin zangarniyarta. Aikin da yaro zai gama kafin kunu ya huce, ni ya kai ni hantsi. Zaren ba ya shiga inda na nufa.

Huseina ta leƙo ta kan katanga.

"Yau kuma ɗaurin aure ake a bayan ɗaki? Ba a gayyace mu ba?"

"Tafi ki ji da kununki."

"Ka ɗaura auren rabin Limawa, yanzu ka koma kan gauta. Wane ne waliyyin amarya, akuya?"

Na yi dariya. Ta fito mini ba shiri, har ta sarƙe ni da tari. Rabona da ita tun ranar Alhamis ɗin da Arzika ya zo. Da na ɗago Huseina ta bar katangar.

Lahadi, bayan la'asar

Furen da na ɗaura ya bushe a cikin zaren. Na salwantar da furen tushe guda da hannuna.

Zafi yau kamar an buɗe bakin maƙera. Ƙasa ba ta takuwa.

Litinin, tsakar rana

Na fita da rana tsaka don in ga abin da ke faruwa a lokacin da nake ɓuya a ɗaki. Ganyen duk ya langaɓe ya naɗe kansa. Na taɓa wani fure, ya biyo yatsana. Amma tushen da ke jikin rumbu, wanda inuwa ke rufewa bayan azahar, furensa yana nan daram, ya fi na sauran daɗewa.

Muntaka ya ce in shuka da sanyi. Ya faɗa, har sau biyu, yana ɗaure takalminsa a zaure. Ashe abin ba ya son rana irin tamu.

Akwai tsohuwar zana a bayan rumbu. Ni da Huseina muka jawo ta, tana zagina ina zaginta, muka kafa sanduna muka ɗora ta daga yamma, yadda rana za ta same su da safe ta bar su da azahar. Na baza ƙaiƙayi a gindinsu don ƙasa ta riƙe laima. Ruwa kuma na daina yayyafawa duk sa'ad da na tuna. Da asuba da kuma yamma, a gindi, har ya shiga.

Talata

Ƙirji. Ban tashi ba sai don ruwan shuka.

Alhamis, 21 ga wata, da hantsi

Watan azumin tsofaffi ne, bana ban iya ko ɗaya ba. Wata mata ta aiko da gumba daga unguwar gabas, ta ce sadaka ce ta yi da kanta. Na mayar. Ban tambayi ta wa ba.

Fure ya zube, amma ba kamar da ba.

Asabar, bayan sallar asuba

Hannuna na rawa, ban san ko zan iya karanta wannan daga baya ba.

Akwai ɗa. A zangarniyar da na ɗaura wa zare, furen da ya bushe ya faɗi, amma wuyan bai faɗi ba. A cikinsa akwai wani abu kore, bai kai ƙwayar wake ba. Na duba wata mai zare, akwai. Wata ma akwai. Na yi hamdala a tsaye, na yi a zaune. Na ce ashe auren ya ɗauru.

Asabar ɗin dai, bayan azahar

Na koma na sake dubawa, sai na rikice. Namijin ma ya haihu.

Akwai 'yan furanni da na bari a jikinsa ranar nan, na riƙe reshen na yi na yi in tsinke, yatsuna suka kasa kamawa, na haƙura. Su ne suka yi 'ya'ya. Ba wanda ya ɗaura musu komai. To ba namiji ba ne. Babu namiji a cikinsu, babu mace; kowane fure da abinsa a cikinsa, Allah Ya haɗa masa. Auren da na ɗaura banza ne.

Amma me ya sa waɗanda na taɓa suka kama, waɗanda ban taɓa ba suka zube? Inuwa ɗaya suke sha, ruwa ɗaya. Kuma ranar nan ko inuwar ba a kafa ba.

Lahadi, 24 ga wata, da sassafe

Na fito tun rana ba ta yi zafi ba, na kama wata zangarniya mai sabon fure kamar zan ɗaura zare, na tsaya ina kallo kawai. Sai na ga abin da ban lura da shi ba. Reshen gaba ɗaya yana karkarwa. Ba iska, ganyen dabinon Ahmadu ko motsi ba ya yi. Hannuna ne. Na sa farcen babban yatsa a ƙarƙashin furen, wani gari ya sauka a kai, rawaya-rawaya, ɗan mitsitsi.

Bayan ɗakin nan katanga ce ta ko'ina, iska ba ta shiga. Ƙudan zuma ma ban ga suna kula furen ba, ba su san shi ba. Garin yana maƙale a ciki ba mai kaɗa shi, har furen ya gaji ya faɗi.

Hannun nan shi ya raba ni da kwafar littafi. Shi ya sa ɗalibai suka koma wajen wasu. Shi ke zubar mini da fura a riga. Shekara da shekaru ina ɓoye shi a cikin hannun riga in za a gaisa.

Ba zan yi saurin yarda ba, na yi sauri a kan dabino. Zan riƙa kama na layin gabas kowace safiya, in bar na jikin katanga kada in taɓa, in gani.

Alhamis, da hantsi

Na gabas sun kama, kusan duka. Na jikin katanga sun zube, sai ɗaiɗai.

Na gaya wa Huseina. Ta ce, "To Alhamdu lillahi, an samo wa rawar hannunka sana'a." Ta kama reshe ta girgiza kamar mai kaɗe tabarma, fure biyu suka faɗi. Na kore ta.

Talata, 3 ga Sha'aban, bayan la'asar

Suna girma. Manyan sun kai ƙwallon goruba ƙarami, kore shar, da sheƙi. Ina zama a gabansu kamar mai gadin jariri. Na ɗaure akuya da igiya biyu.

Ban san tsawon lokacin da suke ɗauka kafin su nuna ba. Muntaka ya ce ja suke zama, kamar gauta in ta tsufa. Ban tambaye shi kwana nawa ba. Abubuwa da yawa ban tambaye shi ba. Na ɗauka zai zo da Sallah ya gani da kansa.

Zai zo ya gani.

Juma'a

Zazzaɓi.

Litinin, 9 ga wata, da yamma

Na tashi. Kwanakin da na yi a kwance Huseina ta je suna a gidan 'yarta, ba ta san na faɗi ba, shukar ta kwana ba ruwa har ƙasa ta tsage. Da ta dawo ta cika su da ruwa lokaci guda. Yau na ga manyan, waɗanda suka fara kamawa, gindinsu ya yi baƙi ya lotsa kamar an ɗora musu garwashi. Su ne na sa rai a kansu. Su ne za su riga azumi.

Na yi mata faɗa. Na faɗi abin da bai kamata ba, na ce da gangan ta yi don a kwashe ni a kai Miga ta huta da kawo tuwo.

Ta ajiye tulun a hankali.

"Malam Lado, ni na goya yaron nan da uwarsa ta rasu. A bayana ya yi haƙori. Rigarsa da Arzika ya kawo tana cikin ɗakina, ka ce kada ta shigo gidanka. Ka hana a zauna, ka hana a yi sadaka. Ni ko kuka ban isa in yi a gidana ba, sai in cusa zane a baki don kada ka ji ta katanga. Sa'an nan ka ce da gangan?"

Na ce ban san abin da take magana a kai ba.

"Ka sani. Ka fi kowa sani. Kai ne malamin."

Ta tafi ta bar tulun.

Talata, bayan magariba

Ba a kawo tuwo ba. Na sha ruwa.

Laraba, bayan magariba

An turo tuwo ta kan katanga, ba magana. Miyar kuka ce, ta sa daddawa da yawa yadda nake so.

Na tsinke masu baƙin gindin na zubar. Ruwa da asuba da yamma, ko da rarrafe.

Juma'a, 20 ga wata, da hantsi

Kore.

Laraba

Kore. Gabas ta fara tara gajimare da yamma, ya watse.

Juma'a, 27 ga wata, bayan la'asar

Ashafa ya iso da jaki. Bai ko sha ruwa ba ya wuce bayan ɗaki, na bi shi. Ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Ikon Allah. Ashe da gaske ne. To Baffa, ga 'ya'ya, a tsinke a zuba a buhu mu kama hanya gobe."

"Ɗanye ne."

"Iri dai kake so, ba miya ba."

Na ce ya ba ni wuƙarsa. Na tsinki guda, raina yana ciwo, na raba shi biyu. Wuƙar ta yanka 'ya'yan cikin kamar tana yanka tuwo, farare, ba ƙarfi. Na nuna masa. Manomi ne, bai buƙaci bayani ba. Ko kuɓewa ba a ɗibar irinta a haka.

Ya ce, "Sai an ga wata. Daga nan Baffa, ko ka yarda ko ba ka yarda ba."

"Ɗaure ni za ka yi a kan jakin?"

"Allah Ya kiyaye. Amma zan zauna a ƙofarka in yi ta kallonka har ka ji kunya."

Halin ubansa ke nan sak.

Litinin, 1 ga Ramadan, da hantsi

An ga wata jiya. Ashafa ya ɗaure tabarmata da buta da littattafai, ya jera a zaure. Na kwance tabarmar na shimfiɗa a bayan ɗaki na zauna.

Ya zo ya tsaya a kaina. "Baffa, ina da iyali. Gonata ko shara ban gama ba. Kowa a Miga irinsa na cikin ƙwarya yana jiran ruwa, ni ina nan ina gadin gauta."

"Tafi. Ban riƙe ka ba."

"Ka san ba zan tafi ba."

"To kada ka ce ni ne."

Ya juya, na ji ya doki ƙyauren zaure da hannu. Bai taɓa yi a gabana ba. Gaskiyarsa ce, na sani. Manyan sun fara yin fari-fari a gindi, amma ba ja. Na kalle su har idona ya yi ruwa.

Talata, bayan magariba

Da la'asar gabas ta yi baƙi. Ba a jima ba iska ta taso, irin ta ruwan farko, ta ɗebi ƙasa da kara da duk abin da ta samu. Ina ƙofar ɗaki na ga zanar ta ɗaga, ta tsaya a sama kamar tana shawara, ta faɗo a kansu da sandunanta.

Ban san na fita ba. Na ji dai Ashafa ya ɗauke ni cak kamar ɗan akuya ya mayar da ni ɗaki, ya ce, "Wallahi Baffa in ka sake fitowa!" Ya koma cikin ruwan. Ina hango shi yana ɗaga zanar, Huseina ta zagayo da ƙwarya a ka, ƙafarta na ja, suna tsintar abin da ya zube a cikin taɓo.

Rassan sun kakkarye, babu wanda zai tashi. Rufin ɗakina ma ya zuba ta wuri biyu. Suka shigo jiƙe sharkaf suka juye ƙwaryar a gabana. Kore, kore, fasasshe, kore. A can ƙasa akwai biyu da gindinsu ya yi ruwan ɗorawa, ɗaya har da ɗan jirwaye kamar bakin wuta.

Huseina ta goge su da gefen zanenta, ta sa a ƙaramar ƙwarya ta rufe da faifai, ta tura ƙarƙashin gadona. Muka sha ruwa mu uku a ɗaki ɗaya, ana ɗiga a kanmu.

Laraba, da sassafe

Ƙasa ta jiƙu sosai. Tun asuba nake jin mutane suna wucewa da sungumi. Yau kowa shuka yake. Ashafa yana zaune a bakin zaure yana kallonsu, hannunsa a kan gwiwa.

Na ce, "Ashafa, ka tafi ka yi shukarka. Ka dawo in ka samu hali."

Bai juyo ba. Ya ce, "An buɗe ƙwaryar?"

"Ba a buɗe ba."

"To a buɗe mana."

Jirwayen ya faɗaɗa.

Alhamis

Ashafa ya ce gobe zai tafi. Jiya ma gobe ya ce. Ya hau ya toshe rufin da ba wanda zai kwana a ƙarƙashinsa.

Asabar, 6 ga wata, bayan shan ruwa

Ja. Ɗaya ja sosai, ɗayan ya kusa.

Na jira har aka kira magariba. Na ba Ashafa wuƙar don hannunsa ya fi tsayuwa. Da ya yanka, 'ya'yan cikin suka zame wa wuƙar, suka ƙi yankuwa. Na ɗauki ɗaya na danna da farce. Da ƙarfinta. Na matse su a ƙwarya, na wanke santsin, na cuɗa da toka na baza a faifai. Ba su da yawa. Sun isa.

Naman muka raba uku. Huseina ta tauna nata, ta runtse ido.

"Tsami. Ba gauta ba, ba tsamiya ba. A kan wannan aka kusa kashe mu?"

Ashafa ya ce shi dai da gishiri zai fi. Suka yi ta musu. Ni na daɗe da nawa a baki ban haɗiye ba.

Litinin, 8 ga Ramadan, bayan sallar asuba

A zaure nake rubuta wannan, kafin a ɗaure tawadar. Irin ya bushe. Na raba biyu, na ba Huseina rabi, na ce ta jira sanyi, kada ta cika taki, kada ta zuba duka. Ta ce ita ba ta ce tana so ba, ta ƙulle a bakin zanenta ƙulli biyu, ta koma gidanta ba sallama.

Ashafa yana ɗaure kaya a kan jaki, na miƙa masa nawa ƙullin ya sa a cikin littattafai inda laima ba za ta kai ba. Ya juya shi a hannu.

"Baffa, in mutanen Miga sun tambaya, me za mu ce musu wannan? Sunan nan na Turawa ba ya zama a bakina."

Na ce, "Ka ce irin da Muntaka ya kawo ne, Allah Ya jiƙansa."

Igiyar ta tsaya a hannunsa. Ya ce amin, a hankali.

Ashe Huseina tana jikin katanga. Ta fara kuka, da ƙarfi, ba zane a baki. Na ce wa Ashafa ya sauke tabarmar ya shimfiɗa a zaure, ya je ya gaya wa Liman a zo a zauna, a yi addu'a. Ma tafi gobe.